Muridi da Cinikin Tsohuwar Mota: Faɗin Aibi Kafin Karɓar Kuɗi

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin da Ya sanya kasuwa ƙofa daga cikin ƙofofin arzikin bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), wanda mutanen Makka suka shaide shi da amana a fatauci tun kafin a aiko shi, tare da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Maulanmu Shehu Ahmadu Tijani, da Sahibul Faila Shehu Ibrahim Inyass, da sauran shehunanmu da muƙaddamanmu baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan uwana a cikin Allah, mun saba jin ladubban lazimi da na wazifa da na zikirin Juma'a, kuma alhamdu lillahi ana kiyaye su gwargwadon iko. Yau ina son mu leƙa wani wuri da ake gwada muridi ba tare da muƙaddaminsa yana kusa ba, wato wurin sayar da tsohuwar mota. Tun da aka rufe iyakarmu da Benin a shekarar 2023, motocin da ke shigowa daga Kwatano ta Malanbil da Gaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Hanya ta yi nisa, kuɗin kawowa ya ƙaru, sai mutane da yawa a Tasawa da Mayayi suka koma ga mota ta hannu, wadda ta riga ta sha rairayin ƙasarmu. Saboda haka 'yan uwa da ba su taɓa sayar da ko keke ba sukan wayi gari da makullin mota a hannu, an ce su nema mata mai saye.

Ilimi kafin ciniki

Duk wanda ya karanta Ahalari a makarantar zaure ya san ƙa'idar da ke farkonsa, cewa bai halatta mutum ya shiga wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa, in bai sani ba ya tambayi malamai. Yawancinmu mun ɗauki wannan a kan alwala da salla kaɗai, alhali ciniki ma yana ciki. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya hana wanda bai fahimci addini ba yin ciniki a kasuwar Musulmi. Shi kuwa Shehu Tijani (RTA) ya umurci almajiransa su auna duk abin da suka ji daga gare shi da ma'aunin shari'a, abin da ya dace su riƙe, abin da ya saɓa su bari. To idan maganar da aka jingina wa Shehu ma sai an ɗora ta a kan wannan sikeli, ina ga maganar dillali?

Abin da ya sa na zauna na bibiyi wannan babi shi ne, bayan rasuwar baffana, Allah Ya jiƙansa, dangi suka ɗora mini sayar da motarsa domin a raba gado, saboda ni ne ɗalibin jami'a mai iya karanta takardun Faransanci. Toyota Corolla ce tsohuwar yayi, wadda ya shekara da shekaru yana jigilar 'yan kasuwa da ita tsakanin Tasawa da Kanambakashe da Mayayi. Makanikin da ya saba duba ta ya gaya mini abu biyu: injinta yana cin baƙin mai har yana fitar da shuɗin hayaƙi, kuma ƙafarta ta gaba ta dama an taɓa yi mata walda bayan ta faɗa wani rami da damina. Wani dillali ya zo ya zagaya ta, ya ce: “Ƙanena, ka bar ni da ita kwana biyu. A zuba mata mai mai kauri hayaƙin ya kwanta, a shafe wurin waldar da baƙin fenti, in kawo maka miliyan 2 da jika 300. In kuwa ka buɗe baki, ba za ta kai miliyan 2 ba.”

A cikin magadan akwai marayu ƙanana guda uku da mahaifiyarsu. Da wannan tambayar na tafi wurin muƙaddaminmu bayan wazifa.

Hukuncin ɓoye aibi

Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya tura hannunsa mai albarka cikin tarin, sai ya ji danshi a ƙasa. Mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi (SAW) ya tuhume shi a kan me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya bayyana cewa mai algus ba ya cikin jama'arsa. Ku lura, 'yan uwa, mutumin nan bai furta ƙarya ba. Shiri kawai ya yi wa kayansa, busasshe a sama, jiƙaƙƙe a ƙasa. Fentin da ake shafa wa walda shi ne wannan busasshen abincin.

Akwai misalin da ya fi kusa da mu, mu da muka tashi muna ganin kasuwar dabbobi. Annabi (SAW) ya hana a ƙi tatsar raƙuma ko tunkiya na wasu kwanaki don hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Malamai suna kiran wannan tasriya. Wanda aka yi wa haka yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar tare da sa'i guda a madadin nonon da ya tatsa, kuma malaman Malikiyya suka ce daga abincin da ya fi yawa a garin ake bayarwa, wanda a wurinmu gero ne. Duk mai kiwon jar akuya ya gane wannan dabara. To mota ma ana yi mata tasriya. Injin da zobbansa suka cinye yana barin baƙin mai ya haura ɗakin wuta ya ƙone, shi ne shuɗin hayaƙin. In aka zuba mai mai kauri sai ya rage haurawa na ɗan lokaci, cutar kuwa tana nan. Haka mai tayar da mota tun da asuba don injin ya yi ɗumi kafin mai saye ya iso, saboda ya san da sanyin hunturu sai an tura ta. Haka mai mayar da agogon kilomita baya, da mai aron batir mai kyau na ranar ciniki kaɗai. Duk hantsa ce aka ɗaure.

Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, ya tattara wannan a babin ciniki na Risala. Ya hana algus da yaudara da ɓoye aibi, har ya kafa ma'aunin da ya ishi kowa: duk abin da ka san in ka faɗa mai saye zai ƙi kayan, ko ya rage kuɗin, to bai halatta ka ɓoye shi ba. Ba sai ka zama makaniki ba kafin ka yi aiki da wannan. Ka tambayi zuciyarka wane abu ne kake fatan kada mai saye ya tambaya. Shi ne abin da ya wajaba ka fara faɗa.

Wani zai ce, ai na gaya masa tsohuwar mota ce, tarin ƙarfe na sayar masa, ya gani ya yarda. Malamanmu sun toshe wannan ƙofa. A Muktasar na Shehu Halil an bayyana cewa mai sayarwa in ya san aibi, sai ya ambace shi ya siffanta shi ko ya nuna shi, ba ya dunƙule magana. Cewa “na sayar yadda take” ba ta wanke ka daga aibin da ka sani ka yi shiru. In daga baya mai saye ya gano tsohon aibi, shari'a ta ba shi ikon mayar da mota ya karɓi kuɗinsa. In kuwa bai gano ba har ku duka kuka koma ga Allah, to akwai ranar da ba a biya da sefa.

Makaniki da dillali da mai kallo

Imam Gazali ya kawo labarin sahabi Wasila ɗan Asƙa'u (RA) a cikin Ihya. An sayar da wata raƙuma dirhami 300 a gabansa, mai saye ya ja ta ya tafi. Sai Wasila ya bi shi da gudu yana tambayarsa ko don nama ya saye ta ko don hawa. Ya ce don hawa. Wasila ya gaya masa ya ga rauni a tafin ƙafarta, ba za ta jure doguwar tafiya ba. Mutumin ya dawo da ita, mai sayarwa ya rage dirhami 100, yana ƙorafin an ɓata masa ciniki. Wasila ya amsa masa da cewa su sun yi wa Manzon Allah (SAW) mubaya'a a kan yi wa kowane Musulmi nasiha.

Tambayar Wasila ita ce tambayar da ta kamata a yi wa mai sayen mota: me za ka yi da ita? Wanda zai farke ta ya sayar da kayan gyara, waldar ƙafa ba ta dame shi ba. Wanda kuwa zai loda mata mutane da buhuna ya bi hanyar Urafan ko Korgom, ko ya ɗauki 'yan uwa zuwa Maulidin Kiyota, tafiyar ɗaruruwan kilomita, wannan waldar rayuka ne ke kanta. Aibin tufa kuɗi yake ci, aibin burki da sitiyari da ƙafar mota kuwa yana iya cin rai. Wanda ya ɓoye shi ya karɓi jika ɗari biyu ko uku, sannan ya ji labarin motar ta ƙwace a hanya, da wane ido zai zauna a da'irar wazifa?

Kuma Wasila ba shi ne mai raƙumar ba. Saboda haka makanikin da aka kawo ya duba mota, aka danƙa masa wani abu a ɓoye don ya ce lafiyarta ƙalau, ya ci amanar wanda ya kawo shi. Dillanci kansa sana'a ce halattacciya. Imam Buhari ya ambaci cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifin ladan dillali ba. La'adar da aka yi yarjejeniya a kanta a fili halal ce. Abin da aka hana shi ne najashi, wato a kawo wani ya yi ta taya mota yana ƙara kuɗi alhali ba saye zai yi ba, don kawai a zuga mai saye na gaskiya. Haka kuma faɗin “jiya an taya ta kaza na ce albarka” alhali ba wanda ya taya.

To dukiyar marayu fa?

Wannan ita ce gaɓar da ta fi nauyi a tambayata. Na ce: “Allah Ya gafarta Malam, motar ba tawa ba ce. Alƙur'ani ya yi kashedi mai tsanani a kan dukiyar maraya. In na faɗi aibi kuɗi ya ragu, ban tauye su ba?”

Malam ya ce: “Ɗana, haƙƙin marayu shi ne kuɗin motarsu yadda take. Abin da ya hau kan wannan ta hanyar fenti, kuɗin mai saye ne, ba nasu ba. Kana so ka ɗebo dukiyar wani Musulmi ka zuba a tukunyar yaran da ba su san hawa ba ba su san sauka ba? Amma ka ji ɗaya gefen. Ba ka da ikon yin kyauta da abin da ba naka ba. Kada ka yi gaggawa, kada ka sallama don kunya, ko da ɗan uwa ne a ɗariƙa ya taya.”

Wannan amsa ta raba abu biyu da mukan cakuɗa. Wakili ba ya yaudara don amfanin wanda ya wakilta shi, kuma ba ya rangwame da dukiyarsa. Abin da aka yi shi ne, aka kira makanikai biyu da ba su da alaƙa da juna suka kimanta ta, aka rubuta aibin biyu a takarda, duk wanda ya zo aka nuna masa wurin waldar kafin ya tambaya. Mutum uku suka duba suka tafi. Sai bayan mako biyar wani direba ya saye ta miliyan 1 da jika 900, da niyyar sake ƙafar gaba ɗaya kafin ya ɗora ta a hanya. Jika 400 ke tsakanin wannan da alkawarin dillali, kuma a gidan da ke da marayu uku jika 400 ba ƙaramin abu ba ne, buhunan gero ne masu yawa. Ba zan ce muku washegari wani ya ƙwanƙwasa ƙofa ya kawo madadinsu ba. Abin da muke da shi shi ne alkawarin wanda ba ya faɗin son zuciya. A hadisin Hakim ɗan Hizam (RA) da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya sanar da cewa masu ciniki biyu in suka yi gaskiya suka bayyana, ana sanya albarka a cinikinsu, in suka ɓoye suka yi ƙarya, ana shafe albarkar. Albarka ba ta fitowa a lissafin ranar ciniki. Muridi kuwa shi ne mutumin da ya kamata ya fi kowa yarda da abin da ido bai gani ba.

Kada a sayar da mota da carbi

Akwai wata fitina da ta keɓanci mu 'yan ɗariƙa. Mai saye yakan zo ya gan ka da carbi, ko ya tuna kun taɓa zama sahu ɗaya a zikirin Juma'a, sai ya ce ba sai ya kawo makaniki ba, ai ɗan uwa ba ya cutar ɗan uwa. Wannan yarda ba kai ka gina ta ba. Shehunai ne suka gina ta da tsantseninsu tsawon zamani, kai gadonta ka ci. In ka yi amfani da ita ka tura masa mota mai cuta, ka sayar da mutuncin zawiya tare da motar, kuma gobe masu neman abin faɗa a kan Sufaye sun samu. Za a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Idan ɗan uwa ya ce ya yarda da kai, kai ka dage ya kawo makanikinsa.

Haka rantsuwa. Annabi (SAW) ya sanar da cewa rantsuwa tana tafiyar da haja amma tana shafe albarka, kuma a hadisin Abu Zarri (RA) ya lissafa mai tallar kayansa da rantsuwar ƙarya cikin mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar alƙiyama. Harshen da ya yi hailala ɗari da safe, zai sake yin ɗari da yamma, bai kamata a tsakaninsu ya ja sunan Allah a kan lafiyar giyar mota ba. Ambaton darajar Annabi ko ta Shehu don a rufe bakin mai tambaya kuwa rashin ladabi ne a kan rashin ladabi.

Kada kuma Shaiɗan ya raɗa wa wani cewa falalar Salatul Fatihi za ta share. Daga cikin sharuɗɗan da muka karɓi wannan ɗariƙa a kansu akwai rashin amincewa da makarun Allah, wato kada mutum ya jingina da bushara ya kutsa cikin saɓo. Malamai sun haɗu a kan cewa tuba daga haƙƙin bawa ba ta cika sai an mayar masa da haƙƙinsa ko ya yafe. Istigfarin wazifa ba ya mayar wa direban Mayayi da kuɗinsa. Wanda kuma yake da'awar ma'arifa, yana cewa yana ganin Allah a cikin komai, to ya gan Shi a lokacin da mai saye ya sunkuya yana leƙen ƙarƙashin mota. Muraƙabar da ba ta kai garaji ba, da sauranta.

Abin da za a kiyaye ranar ciniki

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki take. Saboda haka a rubuta takardar sayarwa da sunan mai saye da mai sayarwa, da lambar mota, da lambar da ke jikin shasi, a gwada ta da wadda ke cikin kart giriz a gaban mai saye. A rubuta aibin da aka sani a cikin takardar, shaidu biyu su sa hannu, a kai hukuma a buga hatimi. In takardar duwan ba ta cika ba, ko asiransi ya ƙare, ko akwai bashi a kan motar, duk aibi ne da ya wajaba a faɗa, domin jandarma ba zai tare wanda ya sayar ba, wanda ke tuƙi zai tare. A kuma matsa a sauya suna a kart giriz, don kada abin da ya faru da motar gobe ya dawo kan wanda ya rabu da ita. In motar gado ce, a tabbata magada baligai sun yarda, wasiyyin yara ya sani, kuma an fitar da bashin mamaci kafin rabo.

In za a biya kashi-kashi, a rubuta ranar kowane biya. Kafin alƙalami kuwa, a mazhabar Imam Malik bai halatta a yi sharaɗin cinye shi ba in ciniki bai faɗa ba. In an saya a lissafa shi cikin kuɗi, in an fasa a mayar. Idan kuma mai saye ya dawo yana nadama ba tare da wani aibi ba, ba dole ne ka karɓa ba, amma Abu Dawuda ya ruwaito busharar cewa wanda ya warware wa Musulmi cinikin da ya yi nadamarsa, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Wannan ga mai sayar da abin kansa ne.

Duk abin da ya gabata adalci ne, kuma shi ne wajibi. Sama da shi akwai ihsani, wanda shi ne abin neman mai tarbiyya. Jabir ɗan Abdullahi (RA) yana dawowa daga wata tafiya a kan raƙuminsa da ya gaji, Annabi (SAW) ya taɓa shi ya koma yana wuce sauran. Sannan ya saye shi daga Jabir a kan uƙiya guda, Jabir ya nemi ya hau shi har Madina, aka yarje masa. Da suka isa, Annabi (SAW) ya sa aka biya shi har da ƙari, sannan ya mayar masa da raƙumin. Jarir ɗan Abdullahi (RA) kuwa an taya masa doki dirhami 300, shi da kansa ya riƙa ƙara wa mai dokin har 800, saboda ya san darajarsa ta kai. Ba kowa ne zai kai nan ba. Amma wanda bai iya ƙara wa ɗan uwansa ba, to kada ya rage masa, ya kuma riƙe sauƙin hali, domin Annabi (SAW) ya yi addu'ar rahama ga mai sauƙi in zai sayar, da in zai saya, da in zai karɓi bashi.

Ya Allah, don alfarmar Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), Ka tsarkake cinmu da shanmu, Ka wadatar da mu da halal ɗinKa ga barin haram ɗinKa. Ka tsare direbobinmu da matafiyanmu, Ka rufa wa marayu asiri, Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu. Ka sanya zahirinmu a kasuwa ya dace da abin da harsunanmu ke faɗa a zawiya, Ka tabbatar da mu a kan alkawarin Shehu har ƙarshen numfashi. Allah ne mafi sani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa, amin.